IDO A ƘEYA: KYAMARAR BAYA A MOTOCIN TAFI-DA-GIDANKA NA AMURKA

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ta daɗe da kafuwa, watau mutum ya ɗauki iyalinsa lokacin hutu ya shiga duniya da gidansa a kan taya. Wasu sukan sayi babbar mota mai kama da safa, wadda aka ƙera cikinta da ɗakin kwana da madafa da makewayi. Wasu kuwa, kuma su ne mafi yawa, sukan sayi ɗaki ne mai tayoyi amma ba shi da inji, su ɗaura shi a bayan a-kori-kura su ja. Wannan na biyun shi suke kira tirela, ko da yake ba irin tirelar ɗaukar siminti da aka sani a hanyar Kaduna zuwa Kano ba ce.

Ba ƙaramar sana'a ba ce ƙera waɗannan motoci. Ƙungiyar masu masana'antunsu ta ba da lissafi a 2021 cewa gidaje miliyan 11.2 ne suka mallaki irinsu a Amurka. A cikin shekarar nan kuwa, sa'ad da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antu suka fitar da guda 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kafin kasuwa ta faɗo zuwa wajen 313,000 a 2023. Kimanin kashi 80 cikin 100 a jihar Indiana ake ƙera su, galibi a garin Elkhart da kewayensa, kuma wajen tara cikin kowane goma na ja ne. Tun 1959 ma labarinsu ya iso Afirka, lokacin da Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin tirela 41 daga birnin Cape Town har zuwa Alƙahira.

Tafiya gaba da irin wannan kaya ba ta da wuya sosai ga wanda ya iya tuƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne komawa da baya. Tirelar kwana takan kai ƙafa 30 ko 35 a tsawo, faɗinta ƙafa 8 ko 8 da rabi, tsayinta kuwa daga ƙasa yakan wuce ƙafa 10. Babbar motar nan mai kama da safa takan kai ƙafa 45. A jihohi da yawa mutum ba ya bukatar lasin na musamman kafin ya tuƙa su muddin nauyinsu bai wuce laba 26,000 ba. Saboda haka sai a sami malamin makaranta ko akawun da ya yi ritaya, wanda duk rayuwarsa ƙaramar mota ya sani, ya wayi gari yana jan abin da ya yi tsawon aji guda a bayansa.

Abin da madubi ba ya nunawa

Da zarar an ɗaura tirela, madubin nan na tsakiya da ke saman gilashin gaba ya tashi daga aiki, domin ba abin da zai nuna sai bangon gaban tirelar. Saura madubin gefe guda biyu. Su kuwa gefen tirela suke nunawa, kuma suna yin haka ne kawai sa'ad da mota da tirela suke miƙe a layi ɗaya. In direba ya fara karya kwana da baya, madubi ɗaya zai cika da jikin tirelar, ɗayan kuma ya koma kallon daji. Duk filin da ke bayan bangon ƙarshe, inda tayoyin suka nufa, direba ba ya ganinsa ko kaɗan, kuma gwargwadon tsawon abin da ake ja gwargwadon girman wannan fili.

Bugu da ƙari, tirela ba ta bin hannu yadda mota take bi. In aka murɗa sitiyari hagu ana ribas, gindin tirela dama zai nufa. Wanda ya ruɗe ya ƙara murɗawa, sai tirelar ta naɗe a wurin mahaɗa ta dawo ta daki gefen motar da ke janta. Tsofaffin direbobi sukan koya wa sabon shiga ya riƙe sitiyari daga ƙasa, domin a haka duk inda hannunsa ya nufa nan gindin tirela zai bi. Dabara ce mai kyau, amma ba ta nuna wa mutum ko akwai famfo, ko tebur, ko keken yaro a wurin da zai shiga.

Zangon da ake sauka kuwa ba fili ne fetal ba. An yanka shi ƙananan wurare, kowanne da turken lantarki da famfon ruwa, itatuwa a gefe, kuma yawancinsu da baya ake shiga. Matafiya sukan iso da magariba a gajiye, alhali yaran waɗanda suka riga su sauka suna ta guje-guje tsakanin motoci.

Dokar da aka sa wa sunan yaro

Tunanin sa wa mota ido a ƙeya ba sabo ba ne. A 1956 kamfanin General Motors ya nuna wata motar gwaji mai suna Buick Centurion, wadda aka sa mata kyamarar talabijin a baya da ɗan allo a gaban direba. Ba a sayar da ita ba, nuni ne kawai. Sai a 1991 Toyota ta fitar da Soarer mai kyamarar baya a kasuwar Japan, a Amurka kuwa Infiniti Q45 ta 2002 ce ta buɗe hanya. A wancan lokaci kayan ƙawa ne na masu hali.

Abin da ya mai da shi maganar doka wani rashi ne da aka yi a watan Oktoba na 2002 a Long Island, cikin jihar New York. Wani likitan yara ya fito da dare zai gyara wa mota tsayuwa a ƙofar gidansa. Ya duba madubi, ya waiwaya, bai ga komai ba, ya yi baya. Ashe ɗansa Cameron Gulbransen, mai shekara biyu, ya biyo shi waje. Yaron ya rasu. Maimakon ya shige ɗaki da baƙin cikinsa, uban ya haɗa kai da ƙungiyar Kids and Cars, wadda Janette Fennell ta kafa, suka dinga zirga-zirga zuwa majalisar dokoki a Washington. Ƙungiyar ta yi ta faɗa wa 'yan majalisa cewa yara kusan 50 ake takewa da baya kowane mako a ƙasar, kuma a fiye da kashi 70 cikin 100 uwa ce ko uba ko wani ɗan'uwa na kusa ke riƙe da sitiyari.

Majalisa ta zartar da doka mai ɗauke da sunan yaron, Hillary Clinton tana cikin waɗanda suka gabatar da ita sa'ad da take sanata, kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu ran 28 ga Fabrairu, 2008. Dokar ta ba Ma'aikatar Sufuri shekara uku ta fitar da ƙa'ida. Daga nan sai aikin ofis ya nuna halinsa. Wa'adin 2011 ya zo ya wuce, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, ana ta lissafin kuɗin da masana'antu za su kashe. A watan Satumba na 2013 uban yaron da wasu ƙungiyoyin kare masu saye suka kai gwamnati ƙara. Ran 31 ga Maris, 2014, ana gobe kotu za ta saurari ƙarar, sai ga ƙa'idar ta fito. Ma'aikacin gwamnatin da ya san yadda fayil ke kwana a kan tebur ba zai yi mamakin wannan dacewa ba.

Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasar, wadda ake kira NHTSA, ta ƙiyasta a lokacin cewa mutum 210 ke mutuwa, 15,000 kuma ke jin rauni kowace shekara ta hanyar takewa da baya. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne kashi 31 cikin 100 na mamatan, tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama kashi 26. Ta kuma yi lissafin cewa kayan aikin ba za su wuce dala 132 zuwa 142 a kowace mota ba, in kuwa motar tana da allo tun asali, dala 43 zuwa 45 ne. Ƙa'idar ta ce daga 1 ga Mayu, 2018, kowace sabuwar mota tilas ta nuna wa direba filin da ke bayanta mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 20, kuma hoton ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da sa giyar baya. Kanada ma ta bi sahu a wannan wata. Dalilin ke nan da ya sa motocin hannu da ake shigowa da su Nijeriya daga Amurka, in dai ƙirar bayan wannan lokaci ce, sukan zo da kyamararsu.

Amma ga inda dokar ta tsaya. Ba ta hau kan motar da nauyinta da kaya ya wuce laba 10,000 ba, watau kilo 4,536, kuma ta cire tirela ƙarara. Ma'anar wannan ita ce, ƙaramar motar da direbanta ke iya waiwayawa ya ga rabin abin da ke bayansa doka ta tilasta mata kyamara, alhali ɗakin da ya toshe baya gaba ɗaya an bar shi ga son ran mai shi. A-kori-kurar da ke ja tana da tata kyamarar bisa doka, amma da an ɗaura tirela ba abin da take nunawa sai ƙarfen mahaɗa. Tana da amfani wajen saita ƙugiya, aikin da a da sai an sami mutum biyu, amma iyakarta ke nan. Manyan motocin masu kama da safa dai masu ƙera su sun daɗe suna sa musu kyamara ba tare da an tilasta musu ba. Matsalar ta fi ƙarfi a kan na ja, waɗanda su ne mafi rinjaye.

Mai waya da mara waya

Wannan giɓi shi ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Kamfanoni irin su Furrion da Voyager da Haloview da Garmin suna sayar da kyamarar da mutum zai ɗaura da kansa, daga ta wajen dala ɗari har zuwa ta ɗari biyar ko fiye. Yawancin sababbin tirela sukan fito daga masana'anta da mazaunin kyamara a saman bangon baya, an riga an ja masa wuta, amma ita kanta kyamarar sai mai saye ya biya dabam. Mazaunin kuma galibi na kamfani ɗaya ne, don haka an riga an zaɓa wa mai saye inda zai kai kuɗinsa.

Iri biyu ne. Akwai wadda ake jan waya daga bayan tirela, ta bi ƙarƙashi, ta tsallake mahaɗa, ta shiga mota har gaban direba. Wannan ta fi tabbas, hotonta ba ya yankewa, amma jan wayar ƙafa 50 ko 60 aikin yini ne, kuma kullum aka kwance tirela akwai ƙarin soket ɗin da za a cire. Ta biyun ba ta da wayar hoto, da igiyar rediyo take aika shi, galibi a kan zangon gigahaz 2.4, wanda shi ne intanet mara waya da sauran na'urori barkatai ke amfani da shi. Ita ce mutane suka fi saye domin cikin sa'a guda an gama ɗaura ta.

Sai dai abin da aka rubuta a kwali game da nisan da take kaiwa a fili aka auna shi, inda ba abin da ya shiga tsakani. A kan hanya kuwa tsakanin kyamara da allo akwai bango biyu, da firji, da tankin ruwa, wani lokaci ma duk jikin tirelar na alminiyam ne. Hoto yakan makara, ko ya yanke, ko ya daskare. Na ƙarshen nan shi ne mafi haɗari, domin allon da ya yi baƙi yana faɗa wa direba gaskiya cewa ba ya gani, amma hoton da ya daskare yana nuna masa fili babu kowa alhali wannan labarin daƙiƙa uku ne da suka wuce. Motar da ke ribas da saurin tafiyar ƙafa, mil uku a sa'a, tana cin fiye da ƙafa huɗu a kowace daƙiƙa. Wannan ya fi tsawon yaro ɗan shekara biyar.

Ko mara wayar ma tana bukatar wuta. A Amurka duk motar da faɗinta ya kai inci 80 tilas ta ɗauki ƙananan jajayen fitilu uku a saman bayanta, to daga wayar waɗannan ake jan wutar kyamara. Saboda haka in direba bai kunna fitilun motarsa ba kyamarar ba za ta tashi ba, ko da tsakar rana ce. Mutane da yawa sun mai da sabuwar kyamara kanti suna cewa ta lalace, ashe fitila ce ba su kunna ba. Wasu sababbin a-kori-kura kuma ba sa aika wa fitilun tirela wuta a miƙe, tsinka ta suke yi da sauri yadda ido ba ya gani. Fitila ba ta damu ba, amma kyamara sai ta dinga ɗaukewa har sai an sa mata na'urar daidaita wuta. Wanda kuwa ya huda bango da kansa ya kasa toshe ramin da kyau, ruwan sama zai bi ta nan ya ruɓar da katakon ciki, kuma ba zai sani ba sai bayan damina biyu.

Akwai wata fa'ida da ta fito daga wannan tsari ba da niyya ba. Tun da kyamarar tana kunne muddin fitila na kunne, sai ta zama madadin madubin tsakiya a kan babbar hanya. Direba yana ganin wanda ke binsa, yana kuma sanin ko gindin tirelarsa ya wuce motar da ya tsere wa kafin ya koma hannunsa. Masu doguwar tafiya da yawa sun fi yaba mata a kan wannan.

Iyakar abin da take gani

Kyamarar tirela a sama ake kafa ta, wajen ƙafa 10 daga ƙasa, kuma dole a zaɓi inda za ta kalla. In aka sunkuyar da ita ta ga gindin bango, ba za ta hango motocin da ke nesa ba. In aka ɗaga ta don hanya, akwai ɗan zirin ƙasa daf da tirelar da ba zai fito ba, kuma nan ne daidai inda ƙaramin yaro ko kare yakan tsaya. Gilashinta mai faɗin gani ne, digiri 120 zuwa 170, wanda ke tattaro wuri mai yawa cikin allo mai inci biyar ko bakwai, amma yana sa abu ya yi kamar yana nesa. Ba ta ganin reshen itacen da zai kwashe na'urar sanyaya ɗaki daga kan rufi. Ba ta ganin hancin motar da ke lilo zuwa gefe sa'ad da direba ya ƙura wa allo ido. Laka da raɓa da hasken rana mai faɗuwa kowanne yakan makantar da ita, fitilunta na ganin dare kuwa ba sa kaiwa nesa.

Binciken da aka yi ya nuna tana taimako, amma ba kamar yadda masu talla ke zuzutawa ba. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa kyamara ita kaɗai tana rage haɗarin ribas da ake kai wa 'yan sanda rahotonsa da kimanin ɗaya cikin shida, kuma tsofaffi ne suka fi cin moriyarta, domin waiwaye ya yi musu wuya. A 2018 ta sake bayar da rahoto cewa in aka haɗa kyamara da na'urar da ke ƙara in an kusanci abu, da birkin da ke kama kansa, raguwar takan kai kashi 78 cikin 100. Tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu ta nuna inda rauni yake: kyamara nuni kawai take yi, sai direba ya kalli allon a daidai lokacin, ya gane abin da ya gani, sa'an nan ya taka birki. A kan ƙananan motoci aka yi wannan bincike, kyamarar da mai tirela ke saye a kanti kuwa ba ta da wata alaƙa da birki.

Masu ƙera a-kori-kura sun shiga gasar. Ford ta sa wa F-150 ta 2016 wani ɗan maɓalli da direba ke murɗawa zuwa inda yake son tirela ta nufa, motar ta juya sitiyari da kanta. General Motors kuma a manyan a-kori-kurarta na 2020 ta haɗa hoton kyamarar mota da na kyamarar bayan tirela, ta yadda a allo tirelar ke zama kamar gilashi ana hango abin da ke bayanta.

Duk da haka, waɗanda suka daɗe a harkar ba su yar da tsohuwar hanya ba. Kamfanonin manyan motoci a Amurka suna koya wa direbobinsu su sauka su zagaya su duba wuri da idonsu kafin su sa giyar baya, masu tirela ma haka suke yi. Sa'an nan a tsai da mutum a baya, a gefen da direba zai gan shi a madubi, a yi yarjejeniya a kan alamun hannu tun kafin a fara, kuma da zarar ya ɓace daga madubi direba ya tsaya cik. Wannan shi ne aikin da yaron mota ke yi a kowace tasha a ƙasar Hausa, yana bugun bodi yana cewa zo, zo, tsaya. Bambancin dai shi ne a zangon Amurka galibi matar direba ce ke tsayawa a wurin, kuma gardamar da ke biyo baya ta zama abin barkwanci a tsakaninsu. Wasu kyamarorin ma an sa musu makirufo domin direba ya ji muryar mai yi masa jagora.

Tarayyar Turai ta ɗan zarce Amurka, domin dokarta ta 2019 ta haɗa da safa-safa da manyan motocin kaya: daga Yuli na 2024 kowace sabuwa sai da kyamara ko wata na'urar gane abin da ke baya. A Amurka kuwa, tun da kyamara ta zama tilas a ƙananan motoci, lalacewarta ta zama abin da kamfani zai amsa a gaban hukuma, kuma an janye miliyoyin motoci don gyara saboda allon da ke yin baƙi ko hoton da ke daskarewa. A watan Nuwamba na 2024 hukumar NHTSA ta ci Ford tarar da ta kai dala miliyan 165 saboda jan ƙafa wajen janye motoci masu lalatacciyar kyamara, tara ta biyu mafi girma da hukumar ta taɓa yankewa har zuwa lokacin. Kyamarar da aka ɗaura a bayan tirela ba ta ƙarƙashin ƙa'idar nan ta 2014: babu wanda ya ƙayyade mata faɗin filin da za ta nuna, ko daƙiƙa nawa hotonta zai ɗauka kafin ya iso gaban direba.